Ba Ɗan Ruwa Ba Ne

Tun da aka tayar da injin casar shinkafa na maƙwabta Baballe ya toshe kunnuwansa, ya shige bayan randa ya takure. Shekararsa huɗu, amma duk gidan Iya Kulu da ke Kura ba wanda ya taɓa jin ya haɗa kalma uku. Uwarsa Rauda tana bakin murhu tana satar kallonsa, zuciyarta na ƙuna, ba halin tashi. Ɗan fari ne, ga surukarta zaune a tsakar gida. Wace mara kunya ce za ta ruga rarrashin ɗan fari a gaban uwar miji?

Iya Kulu ta miƙe tana gyara zani. Sunan marigayi mijinta aka sa wa yaron, shi ya sa ake ce masa Baballe, ita kuwa da wasan jika take binsa.

"Haba maigida, yau ma gudun amaryarka kake? Taho ga ƙuli-ƙuli."

Ta shafa kansa a hankali. Ai kuwa kamar ta ɗora masa garwashi. Ya ƙwala ƙara, ya gantsara mata cizo, ya shiga buga goshi da ƙasa. Rauda ba ta san sanda ta yar da ludayi ba. Ta sure shi ta goya, ta tamke zani tam, don ta daɗe da lura wannan kaɗai ke kwantar da shi.

"Sannu, mara ta-ido," in ji Iya Kulu, tana duban shatin haƙora a hannunta, idonta ya kawo ruwa. "Tun ranar yaye da aka kawo min yaron nan ya ƙi ni. Na yi shiru na gaji. Kina da cikinsa kike tsallaka kanal ɗin ban-ruwa da almuru, wai kin kai wa miji abinci gona. Na hana, ba ki ji ba. Can aka musanya shi, ɗan ruwa ne."

Ana haka Mudassiru ya shigo daga ban-ruwan tumatir, taɓo har gwiwa. Auren so suka yi da Rauda, irin wanda sai da saurayi ya kusa cinye tayar babur tsakanin Kura da Bunkure, garin su Rauda. Ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa.

"An yi min kwatancen mai magani," ta ce. "Za a ajiye yaron a bakin kogi a juya baya. In mutum ne a same shi, in nasu ne su ɗauki abinsu."

Rauda ta zube a ƙasa da goyonta. "Iya, ki yi min rai. Wallahi mutum ne, ciwo ne da shi."

"To ki bar min gida, ke da ciwon."

Mudassiru ya sunkuyar da kai. Sai da suka shiga ɗaki bakinsa ya buɗe.

"Rauda, filis, ki je Bunkure kwana biyu Iya ta huce."

"Yaya Mudassiru, korata ba ta dame ni ba. Amma ko kalma ɗaya ba ka faɗa a kan ɗanka ba."

"Ɗan fari ne fa — ta yaya zan ɗaga ido a gaban Iya?"

"Kunyar ce za ta tsamo shi daga kogi?"

Shi ya ɗauke su a babur, duk tsawon hanyar hawayenta na jiƙa masa bayan riga.

Kwana biyun Bahaushe! Aka kwashe tumatir, aka dasa shinkafa, Rauda tana gidan iyayenta, ba aure ba saki. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Wata unguwarzoma ce ta ga yaron ta tura su babban asibiti a Kano, wurin Sista Saliha, wadda aikinta koya wa irin waɗannan yara zama lafiya da jikinsu. Sistar ta daɗe tana kallon Baballe yana wasa ba ta taɓa shi ba.

"Ɗanki ba aljani ba ne, ba kuma taɓin hankali ba," ta ce. "Jikinsa ne ke jin abu fiye da namu. Ƙarar da ke wuce ki, shi tsaga masa kai take. Shafa a hankali kuwa ji yake kamar tururuwa na bin fatarsa. Riƙo mai ƙarfi shi ke saukar masa da hankali. Wa ya koya miki goya shi tam?"

"Ba kowa. Zagina ma ake a kai."

"To ki ci gaba, kin yi daidai."

Rauda ta fashe da kuka a ofis ɗin, don rabon da wani ya ce ta yi daidai har ta manta. Sista Saliha ta koya mata sa hannuwansa a ƙwaryar gero, da ba shi ɗan galan na ruwa ya ɗauka, da nannaɗe shi a bargo kansa a waje a danna masa filo in duniya ta yi masa yawa. A hankali buga goshin ya ragu.

Mudassiru kuwa ya koma zuwa zance gidan matarsa. Kullum la'asar yana zaure, ya kawo albasa, ya kawo haƙuri. Rauda takan ajiye masa ruwa ta gaishe shi da ladabi. Tana sonsa, shi ne abin da ya fi ci mata rai.

Labari ya kai wa Iya Kulu. Ta yafa mayafi ta hau mota, don ta je ta ce wa iyayen Rauda su ɗaure 'yarsu ta sakar mata ɗa. Ranar an yi rashin sa'a, masu kiɗan biki sun bi ta ƙofar gida, Baballe ya birkice. Tana yin sallama ta hango Rauda a kan tabarma, ta nannaɗe yaron a bargo tana danna shi da filo.

"Innalillahi! Kashe shi za ki yi?"

Tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa, tsalle ɗaya ta hankaɗe Rauda. Ta fizgo yaron, ta ƙanƙame shi a ƙirji da iya ƙarfinta.

"Ba mai taɓa min jika ina raye. Maigida, ga ni, ga ni."

Rauda ta runtse ido tana jiran ƙara da cizo. Shiru. Baballe ya sauke ajiyar zuciya, ya kwantar da kansa a wuyan kakarsa. Iya Kulu ta ƙame, ko motsi ta kasa.

"Kada ki sassauta, Iya," Rauda ta ce. "Haka yake so. Ba ƙin ki yake ba, shafar ce ke yi masa ciwo."

Mudassiru, da ihun ya fito da shi daga zaure, ya durƙusa a gabansu. "Iya, ɗana ne. Ina sonsa, ina son uwarsa. Da na faɗa tun ranar, da ba mu kai nan ba."

Iya Kulu ba ta tsawata masa ba. Hawaye take, tana ƙara matse yaron. "Da na kai shi kogi fa?" ta ce. "Rauda, ki yafe min. Ɗauko kayanki."

Baballe bai warke a ranar ba, injin casa ma bai daina ƙara ba, kuma watannin da aka ɓata ba su dawo ba. Amma Rauda ta koma ɗakinta da ɗanta a raye. Kunya ado ce, sai dai wadda za ta hana uwa ko uba kare ɗansu ta tashi daga ado ta koma cuta. Yaron da ya bambanta da sauran yara ba musanya ba ne, amana ce, a nemi masu sani a tambaya. Mai haƙuri kuma, ko an daɗe, Allah ba ya barin sa.