Direban Da Bai Bar Mota Ta Huce Ba

A wani gari can bayan duwatsu, an yi wani direban babbar mota mai son a yaba shi. Wata rana kawunsa bakanike ya nuna masa wata 'yar farfela a jikin injin, ya ce, "Sunanta turbo. Hayaƙin injin ne ke juya ta, ita kuma ta cusa masa iska ya ƙara ƙarfi. Zafi take yi kamar garwashi. In ka sha tafiya, kada ka kashe mota nan take. Bar ta ta huce."

"To, Kawu," in ji direba.

Amma duk sanda ya shigo tasha, sai ya taka totur, mota ta yi ruri, ya murɗe makulli, ya diro ana masa kirari. Yau bai bar ta ta huce ba, gobe bai bar ta ta huce ba.

Ran nan ya ɗauko tumatirin matan garin zuwa kasuwa. A tsakiyar hawa motar ta turnuƙe da hayaƙi, ta ƙi gaba. Kafin Kawu ya iso, rana ta dafa tumatir, ruwa na ɗiga daga kwanduna.

Kawu ya duba, ya tarar mai ya ƙone, farfela ta maƙale. Ya raɗa masa, "Kana barin ta ta huce?"

Direba ya sunkuyar da kai.

Wata tsohuwa da kayanta suka lalace ta miƙo masa ruwa, ta ce, "Sha, ɗana, kada ka damu. Ai ba laifinka ba ne."

Ya karɓa ya kurɓa, amma ya san laifinsa ne.