Batirin Hawa na Huɗu

Doka ta ce kowane sashe na benen sai an liƙa masa na'urar jin hayaki a silin, mai kula da gidan kuwa ya bi ƙofa-ƙofa ya liƙa. Ta wani sashe a hawa na huɗu kwana uku ta yi da rai. Matar gidan ta ɗora mai a wuta, na'ura ta tsala ihu, shi kuwa mijinta, direba mai gajen haƙuri, ya taka kujera ya zare batirin ya sa a rimot. Har da dariyarsa.

Bayan wata biyu, ran nan da magariba, ana shirin cin abinci, suka ji ƙarar. Siririya ce, mai huda kunne. Direba ya ɗaga kai, ya ga na'urar a mace, murfinta a wangale. Sai matarsa ta damƙe hannunsa. Auta ce, 'yarsu mai shekara tara, tsaye a ƙofar kicin, idanu a kafe a sama, ƙarar tana fitowa daga maƙogwaronta.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Yarinya ta daina cin abinci, ta rame, in ta yi tari sai ɗaki ya ɗauki ƙauri. Uwar ta kasa zaune ta kasa tsaye. A kwana na biyar suka ɗauko wani tsohon malami, ya hau benen yana hutawa a kowane hawa.

Ya daɗe yana karatu kafin ƙarar ta tsaya. Wata murya mai kauri ta fito daga bakin Auta.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Maƙwabci ne. A silin ɗin nan nake tun kafin su tare."

"Me yarinyar ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Sun kashe bakin da aka ajiye don kuka, sai na ari nata. Wayoyin lantarki suna ci da wuta a sama, kwana biyar ke nan. Ni wuta ba ta dame ni ba, su nake ji."

"To sake ta."

"A mayar da batirin in tafi. Amma ka tambayi ubanta, ƙofa nawa ya shiga yana koya wa mutane yadda ake zarewa."

Kunya da tsoro suka rufe direba. Ya ɓalle rimot, ya taka kujera. Yana danna batirin na'ura ta ɗauki ihu, Auta ta sulale jikin uwarta tana neman ruwa. Malam ya ɗora tafinsa a bango, ya janye da sauri saboda zafi.

"Ƙofa nawa?"

"Goma sha ɗaya, Malam."

Direba ya raka su bakin matakala, ya ce wa matarsa ta sauka da yarinyar, kada ta waiwaya. Shi kuwa ya juya ya nufi hawa na biyar, inda hayaƙi ya fara rarrafe a ƙarƙashin ƙofofi, babu na'ura ko ɗaya da ta ce uffan.