Wardin Bakin Layin Inabi

A tsakiyar tudun Medana sarƙar keken Jernej ta zame. Yaron garin Nova Gorica ne, aikinsa jagorantar baƙi 'yan yawon buɗe ido a keke cikin tuddan Brda, ƙasar gonakin inabi. Yana tsugune, hannu duk baƙin mai, sai ya ji dariya. Wata budurwa ce a bakin hanya, gabanta tebur da kwandunan ceri, wasu ƙananan 'ya'yan itace jajaye.

"Mai keke, tudun ne ya kayar da kai ko yunwa?"

"Ke ce. Na waiwayo, ƙafata ta manta aikinta."

"Ƙarya da safe! Ungo, ci ka tafi."

Sunanta Neža. Ya ci cerin, ya rasa abin ramawa, sai ya ga bishiyar wardi a bakin layin inabi, ya tsinko fure ya miƙa mata. Nan ya yi wauta. Ko yaron goye a nan ya san ba don ado ake shuka wardin nan ba. Mai gadi ne. Cutar da ke kama inabi shi take fara kamawa, manomi ya gani ya yi feshi tun da wuri.

Baba Silvan, mahaifin Neža, ya fito daga cikin layi yana ɗingishi.

"Kai, mai matsattsen wando! Gonar ubanka ce? Mai gadin inabina ka tsinka, wanda ganyensa ke nuna mini cuta!"

"Ka yi haƙuri, Baba, ban sani ba."

"Ba ku taɓa sani ba! Ku zo, ku tsinka, ku wuce."

Amma Jernej bai wuce ba. Duk hanyar da ya tsara wa baƙinsa sai ta bi ta teburin nan, har wata tsohuwa Bajamushiya ta tambaye shi ko tudu ɗaya ne a ƙasar. Saƙonnin waya tsakaninsa da Neža kuwa ba a magana.

"'Yar cerina, yau na hau tudunku ban huta ba. Zuciyata ce ke taka feda."

"Ka ce wa zuciyar ta sa mai a sarƙa. Ina jin ƙararta tun daga kwari."

Da ya je neman aure, Baba Silvan ko kujera bai ba shi ba. "Ba na ba wa mai wucewa 'yata," in ji shi. Wanda yake so shi ne Rok, ɗan maƙwabcinsa, mai sabuwar tarakta da baki kamar rediyo. Neža ta yi kuka, amma ta ce wa Jernej ba za ta shiga coci ba sai hannunta na cikin na ubanta. Ta yi daidai. Yarinyar da ta tsallake ubanta don saurayi, wata rana saurayin ma za ta tsallake.

Baba Silvan yana da wata gona can ƙasa a kwari. Tun da gwiwarsa ta lalace, ruwa kuma ya cinye hanyar mota, Rok ne ya ce zai riƙa duba masa ita. Duban nasa daga saman tudu ne, yana kan tarakta yana waya.

Wata safiya Jernej ya bi ta siririyar hanyar kwarin, ya ga ganyen wardin gonar fari fat kamar an barbaɗa toka. Ya ɗauki hoto ya tura.

"Ruhina, wannan karon ban tsinka ba. Nuna wa Baba."

Neža ta ruga da wayar. Rok, da ke cin wainar ƙwai a teburinsu, ya yi tsaki. "Jiya na duba, lafiya lau. Hoton wata gonar ya ɗauko don ya samu shiga."

"Sai na gani da idona," in ji tsohon. "To da wace ƙafa?"

Ba a jima ba Jernej ya iso da keke mai mazauni biyu, wanda yake ba ma'aurata haya.

"Ni? A kan wannan? Gara in mutu," in ji tsohon.

"Baba, inabinka ne zai mutu," in ji Neža.

Tsohon ya hau. Duk ƙauyen ya ji gangarowarsu. "Birki, ɗan banza! Birki! Gadona kake nema?" Da suka isa Baba Silvan ya juya ganyen wardi, ya juya na inabi. Cutar ta fara taɓa layin farko, amma sauran da sauƙi.

Dawowa kuwa hawa ne, kuma dole kowa ya yi aiki.

"Baba, taka da ƙafar mai lafiya, sauran nawa ne."

"Ina takawa! Kai ne kake barci a gaba." Ya yi haki, sannan ya ce, "Wa ya koya maka duban ganye?"

"Kai. Ranar da ka zage ni."

"Ashe zagi yana shiga."

Tun daga yammacin ranar Jernej ya goya tankin feshi a baya, ya yi ta sauka kwari yana hawa har cutar ta tsaya. Rok bai sake cin wainar ƙwai a gidan ba. Ni dai abin da na sani shi ne, mai gudu ba ya ganin komai, kuma alkawarin da ba a sauko daga tarakta an cika shi ba surutu ne.

Bayan an gama tsinkar inabi aka ɗaura aure a cocin Šmartno. Baba Silvan ya shigo da 'yarsa, ya damƙa hannunta a na Jernej, ya ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu kallon ganye."

A ƙofar coci keken nan mai mazauni biyu ne ke jira. Tsohon ya ciro furen wardi daga aljihunsa, wanda ya tsinko da hannunsa a bakin layi, ya soke a rigar ango.

"Wannan ni na ba ka. Ka sake taɓa wani, in karya maka yatsa."

Neža ta hau baya tana dariya. "Mai kekena, a hankali."

"Birki dai, ɗana," in ji Baba Silvan. "Birki."