Ruwan Wankin Injin Hayatu

A shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa a Lagdo, zamanin Ahijo, akwai wani mai kwalekwale a Garwa ana ce masa Hayatu. Yana da tsohon inji irin na ratayawa a bayan jirgi, da shi yake kai mutane da buhunan masara ƙauyukan gaɓar Binuwai. Injin ya tsufa har fentinsa ya koɗe, amma Hayatu ya fi kula da shi a kan cikinsa.

Irin injin nan, ruwan kogi ne abin shansa. Ta ƙafarsa yake zuƙa, ruwan ya zagaya cikinsa ya sanyaya shi, sannan ya fito tsiriri ta wata 'yar huda, shi ne masu jirgi ke kira fitsarin inji. In yashi ya toshe hanyar, fitsari ya tsaya, kana sake sai inji ya ƙone. A da, ɗansa Iliyasu ne ke wanke shi kowace yamma a bakin kogi, abin kogi ya koma kogi. Amma damina biyu ke nan da ruwa ya ci Iliyasu, aka yi kwana bakwai ana nema, ko hularsa ba a gani ba. Tun daga nan Hayatu ba ya iya zaman gaɓa in rana ta yi ja. Sai ya ɗora injin a amalanke ya turo gida, ya wanke shi a cikin durom.

Matarsa Karimatu kuwa, Iliyasu ɗan farinta ne, saboda haka kunya ba ta taɓa barin ta ambaci sunansa ba. Yana raye "yaron nan" take cewa, da ya tafi ma "yaron nan" ɗin ne. Ba wanda ya ga hawayenta, mata suna ta yaba haƙurinta, wayyo, ba su san abin da ke cin ta ba. 'Ya ɗaya ta rage musu a duniya, Ummuhani, mai shekara goma sha huɗu.

Wata ranar Alhamis Hayatu na dawowa, daidai wani wuri mai zurfi da ake kira Gurbin Dorina, fitsarin inji ya tsaya cak. Ya kashe shi, ya ƙarasa da filafili. Da ya iso gida rana ta kusa faɗuwa. Ya cika durom da ruwan rijiya, ya ɗaure injin a bakinsa, ƙafar na cikin ruwa, ya ja igiya. Inji ya tashi, amma ko ɗigo bai fito ba. Sai ya yi yadda wani makanike, Marcel, ya koya masa, ya zura siririyar waya a hudar yana tsokala. Ya ji wayar ta taɓa wani abu mai laushi, ya ƙara dannawa. Ruwa ya ɓalle, farko laka, sannan wani abu ja-ja. Ya ce tsatsa ce. Ya bar injin yana ta gunji har ruwan durom ya yi zafi, fitsarin ya fito garai-garai.

Aka kira sallar magariba. Karimatu ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, bar ruwan nan sai da safe mana. Magariba ta yi."

Hanzarin masallaci ya sa bai saurare ta ba. Ya tuntsurar da durom a gindin bishiyar lemo, ko bismilla bai yi ba. Tururi ya tashi. Kajin da ke shirin hawa makwanci suka yi tsit, gidan ya ɗau wani irin shiru mai nauyi. Ummuhani da ke goge gilashin fitila ta ɗago kai a hankali ta ce wa uwarta, "Dada, wa ke kuka?"

Ba wanda ke kuka, a kunnen mutane dai.

Bayan isha dutse na farko ya faɗo kan kwano, ƙwal! Sai na biyu, sai na uku. Hayatu ya fita da tocila, ya leƙa bayan katanga, ba kowa. Ya tsinci dutsen ya duba. Dutse ne sumul na ƙarƙashin kogi, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali rani ake ciki, wata huɗu ba a ga hadari ba.

Kwana uku ana haka. Da rana ta faɗi jifa ya fara, a kuma riƙa jin muryar mace a wajen durom, ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jariri. Ummuhani ta daina cin abinci, sai ruwa take ta kwankwaɗa kofi bayan kofi. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, gashinta na ƙarnin kogi. Da an juya baya kaɗan sai a same ta gindin lemo tana tonon ƙasa da farce har jini ya fito. Ran na huɗu ba ta iya tsayuwa da ƙafarta. Hayatu ya dube ta kwance a tabarma, idanu sun faɗa, ya tabbata in aka ƙara kwana biyu zai rasa ta ita ma. Ya shiga bayan ɗaki ya yi kuka kamar yaro, sannan ya wanke fuska ya tafi wurin Modibbo Usmanu, wani tsohon malami da aka sani da fannin cire aljanu.

Modibbo ya zo bayan la'asar, tasbaha a hannu. Ya juya jiƙaƙƙen dutsen a tafinsa, ya dubi injin da ke jingine a bango, ya dubi gindin lemo. Ya zauna a kan buzu kusa da kan yarinyar ya fara karatu, murya a kwance, ba gaggawa. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida. Daidai lokacin da rana ke nutsewa, Ummuhani da ba ta iya ɗaga kai ta tashi zaune zumbur. Muryar da ta fito bakinta ta babbar mace ce, wadda ta sha kuka har ta dushe.

"Bar ƙona ni, malam. Wanda aka ƙona ya isa."

Modibbo ya ce, "Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"A Gurbin Dorina nake. Ɗana na wasa cikin yashi, ƙarfen mutumin nan ya zuƙe shi. Da ransa ya zo gidan nan, yana maƙale yana kira na. Ya soke shi da waya, ya dafa shi da ruwan zafi, ya watsar da shi kan busasshiyar ƙasa kamar ruwan wanke-wanke. Ɗan ruwa fa, a kan tudu!"

Hayatu ya tuna abin nan mai laushi da wayarsa ta taɓa. Ya durƙushe, ya ce, "Wallahi ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba."

"Rashin saninka ba zai tashe shi ba. Ɗa ka ɗauke mini, 'ya zan ɗauke maka."

Modibbo ya ce, "Ji tsoron Allah. Kisan kuskure diyya ake biya, ba a ramawa da rai. Faɗi abin da kike so."

"Ba na son kome sai ita."

Ya ƙara karatu, yarinyar na murƙususu, aljanar na kuka amma ta ƙi saki. Ya yi mata tayin rago, ta ƙi. Ya yi mata tayin injin, ta yi wata dariya marar daɗin ji. Leɓɓan Ummuhani suka fara yin fari, gumi ya jiƙe rawanin tsohon.

Sai Karimatu, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban baƙo ba, ta rarrafo ta kama ƙafafun 'yarta. Ta ce, "'Yar'uwa, ke da kike cikin ruwa, ko kin ga nawa? Damina biyu ke nan. Dogo ne, yana da tabo a goshi, rigarsa shuɗiya."



"Mai shuɗiyar riga naki ne?" Muryar ta sauko. "Ruwa ne ya kawo shi ƙofata, rai ya riga ya fita. Ni na rufe masa ido. Na cire shi daga bakin kifaye, na kwantar da shi yana fuskantar gabas, na jera masa duwatsu. Na ce wannan ɗan wata ne."

Karimatu ta kifa goshinta a ƙafar yarinyar, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Allah ya saka miki. Kin binne mini ɗaya. Don Allah kada ki sa in binne ɗayar."

Hawaye suka zubo daga idon Ummuhani, ba a san na wace ce ba. Can aljanar ta ce, "Ku kwashe ƙasar gindin bishiyar nan duka, ku kai mini in binne ɗana kusa da naki. Ƙarfen nan kuma ku jefa shi a wurin, kada in ƙara jin kukansa. Na bar miki ita." Yarinyar ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta, ta ce, "Dada, yunwa nake ji."

Da gari ya waye Hayatu ya haƙe gindin lemo da hannunsa yana bismilla, ya zuba ƙasar a farin ƙyalle. Ya ɗora ta a jirgi tare da injin. Karimatu da ba ta taɓa shiga kwalekwale ba ta ce ƙafarta ƙafarsa. Da filafili suka je. A Gurbin Dorina ya sauke ƙullin a hankali, sannan ya tura injin da ke ciyar da gidansa, ruwa ya haɗiye shi, bai ko waiwaya ba.

Karimatu ta sunkuya ta sa tafin hannunta a kan ruwan, ta daɗe a haka. Sannan, karo na farko tun ranar da ta haife shi, ta buɗe baki ta kira shi.

"Iliyasu. Iliyasu, ni ce. Na zo."