Ƙafafun Datti

Jummai mai ƙosai ta Kwandiko ce ta fara ba ni labarin nan, ga shi yadda na ji.

Ummussalma tana tankaɗe a tsakar gida, ɗanta Datti yana tafe yana rangaji, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka. Surukarta, Inna Rahmatu, ta bi shi da kallo.

"Ga amfanin haihuwa a gidanku na Gwaram nan! Uwarki ba ta iya gasa wa jariri ƙafa da ruwan zafi ba, ta lalata min jika."

Da Ikrima, mijin Ummussalma, ya dawo daga gona, Inna ta ce ya sake ta, yaron kuma a kai wa maɗori ya ɗaure. Ikrima ya durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Ba zan iya rabuwa da ita ba. Bari mu je asibiti tukuna."

A Birnin Kudu likita ya ce wanka bai yi laifi ba, ciwon ƙashi ne da ake gado, kuma za a taimaka wa yaron. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Ummussalma ta tuna Bappa Sabo, ƙanen mahaifin Ikrima, gajere mai ciwon gwiwa, wanda aka ce daga bishiyar ɗorawa ya faɗo. Ta haɗiye maganar, don kada ta tona asirin gidan miji.

Da suka dawo gida, Inna ta ce likita rufa wa Ummussalma asiri yake yi, sai dai ta bar gidan. Ummussalma tana ɗaure kayanta tana hawaye, Ikrima ya tare ƙofa, sai ga Bappa ya dogaro sanda.

"Rahmatu, ni fa ban taɓa hawa ɗorawa ba. Da waɗannan ƙafafun? Babarmu ce ta ƙirƙira, don in samu mata. Jininmu ne, ki bar yarinya."

Inna ta juya wajen Ummussalma. Ta ce, "Ummu, ki yafe ni." Da kanta ta kwance ƙullin kayan.

'Yan mata, ku ji: abin da Allah ya sa a jini ba laifin kowa ba ne, a nema masa magani, kada a nema masa mai laifi. Mai haƙuri kuwa ba ya taɓewa.

Washegari Ummussalma ta dama kunu, ta riƙe hannun Datti, suka taka a hankali zuwa gidan Bappa.