Wane Ne Tanko?

A kan fangalin albasa suka haɗu. Nasiru yana ban ruwa a lambunsa na bakin tafkin Madarumfa, sai ga wata budurwa da jaka a kafaɗa ta ratso tsakiyar shuka, tana neman hanyar zuwa wurin mata masu wanki.

"Malama, mi albasar ga ta yi maki?" in ji shi.

Ta dubi ƙafarta, ta dube shi, kunya ta kama ta, ta yi murmushi. Nan take Nasiru ya yafe, da ta so taka sauran ma da shi zai nuna mata hanya.

Sunanta Ruƙayya, 'yar Maraɗi ce, 'yar lakol, wato ɗaliba a makarantar koyon aikin kula da jama'a a Yamai. An turo ta bincike a kan iyaye mata masu shan ƙwaya da halin da iyalansu ke ciki. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce, magani ya yi tsada, masu tallar ƙwaya a faranti suka cika kasuwanni. Mazan gari kuwa iyakar saninsu ita ce tana tambayar mata lafiyarsu.

Washegari kwandon salati ya isa gidan gwaggonta, inda ta sauka, da 'yar takarda a ciki:

"'Yar Lakol, albasar da kika taka ta fi 'yan uwanta kyau. Ki dawo ki taka saura. Naki, Nasiru."

Kwandon ya komo da amsa:

"Sarkin Lambu, ƙafata ba taki ba ce. Amma zan zo."

Ta zo, ta kuma zuwa. Kafin albasa ta isa cira, Nasiru ya kai maganar aure wurin mahaifiyarsa Kulu, wadda ta raine shi da dakau tun rasuwar babansa. Ba ta taɓa hana shi abin da yake so ba, amma da jin sunan sai fuskarta ta canza.

"Ban yarda ba," in ji ta. "Mai shiga gida-gida tana auna hanjin mutane ba ta zama surukata."

Yana cikin wannan damuwa wata ta taso. Wata la'asar yana wucewa ta bayan wani gida, sai ya ji muryar Ruƙayya ta cikin zana tana ce wa matar gidan:

"Ni fa Tanko ne ya kawo ni garin nan. Da shi nake kwana a rai, da shi nake tashi."

Nasiru ya ji kamar an watsa masa barkono a ido.

Abin da bai sani ba, Tanko ba mutum ba ne. Wata jar ƙwaya ce da mata ke sha don su sami ƙarfin daka da jan ruwa. Sun sa mata wannan suna saboda Tanko shi ne namijin da aka haifa bayan mata, ƙanin mata mai kama musu aiki, kuma don kada maza su gane. Kafin su saki jiki da Ruƙayya sai da ta rantse musu ba namijin da zai ji wannan daga bakinta.

Nasiru ya shiga farautar Tanko. Tanko na farko da ya samu wani tsohon masunci ne da ba haƙori ko ɗaya, ya sallame shi. Na biyu bai ma fara sallah ba. Na uku, mai kabu-kabu a Ɗan Issa, shi ne ya tsaya masa a wuya: dogo, ga wushirya, ga jan moto, wato babur, ga baƙin tabarau. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, kullum ya gaida Nasiru sai ya sha harara. Tumatir ya yi ta bushewa a lambu, mai shi yana bakin hanya yana duba wadda aka goyo a bayan moto.

Da abin ya ishe shi, ya tare ta a ƙofar gidan gwaggo.

"Wane ne Tanko?"

Ta ce: "A ina ka ji?"

"Ashe da shi. Mai moton ne ko? Ni ina ta jigilar salati, shi kina kwana da shi a rai."

Dariya ta so kuɓuce mata, sai ta ga idonsa ya yi ja. "Sarkin Lambu, wallahi ba ka da abokin takara. Amma maganar Tanko amana ce, ba tawa ba ce balle in ba ka."

"Ki hwaɗa mini, ko kuwa kowa ya kama gabansa."

Tana son sa, so mai tsanani, kuma ta san kalma ɗaya ta isa ta kashe wutar. Sai dai a cikin matan da suka ba ta amanar akwai wadda ta fi kowa kusa da shi.

"In sai na hwaɗa za ka zauna, to ka tahi," in ji ta. Ta shige gida hawaye na zuba.

Kwando ya daina zuwa. Nasiru ya rame, tuwo ma sai an yi da gaske. Wata safiya Kulu tana surfe a tsakar gida, ya zauna a gefe ya ce:

"Inna, ke ce da gaskiya. Tana da wani, Tanko sunansa. Na ce ta hwaɗa mini ko wane ne, ta ce gara ta rasa ni."

Taɓarya ta tsaya a hannun Kulu.

"Haka ta ce? Gara ta rasa ka?"

"Haka ta ce."

Kulu ta jingine taɓaryar, ta zauna a ƙasa. Ta jawo haɓar zanenta, ta kwance ƙullin da Nasiru ya daɗe yana zaton na goro ne. Jajayen ƙwayoyi ne a ciki.

"Ga Tankon da ya hana ka barci," in ji ta. "Tun kana lakol nake shan sa, don in daka wa mutane hatsi mu samu na tuwo. Yanzu in ban sha ba jikina ba ya ɗaukata. Yarinyar ga ita ke raka ni likita a ɓoye, ana rage mini kaɗan-kaɗan. Na ƙi ta ne don kunya, ina tsoron ranar da za ku yi hwaɗa ta goranta maka uwarka."

Nasiru ya dubi ƙwayoyin, ya dubi kantar da taɓarya ta bari a tafin hannunta. Shi da ya zaga gari yana neman wanda zai shaƙe, sai ga shi yana kuka kamar yaro.

Kulu da kanta ta yafa mayafi ta tafi gidan gwaggo. Ta ce wa Ruƙayya: "Ɗiyata, na ƙi ki, kika rufa mini asiri. Ki yahe mini, ki yahe wa sakaran nan da ke laɓe a ƙohwa."

Ruƙayya ta leƙo, ga shi tsaye da kwando. "Sai ka ba mai moto haƙuri tukuna," in ji ta.

"Na ba shi. Amma har yanzu ina kishin Tanko, ya riga ni shiga ranki."

Bayan ta kai bincikenta Yamai, ba sunan mace ko ɗaya a ciki, aka ɗaura aure a Maraɗi. Tanko mai moto ne ya ja ayarin kawo amarya, ango ya tabbatar ba a bayansa aka ɗora ta ba.

Da mata suka rage a ɗaki, Kulu ta matso. Jikinta bai gama komawa daidai ba, akwai safiyar da har yanzu take shan wuya. Ta kama hannun amarya ta sa mata haɓar zanen a ciki. Ba ƙulli, sai alamar inda ya daɗe.

"Ni da Tanko aure ya mutu," in ji ta a hankali. "Naku kuwa Allah ya sa mutuwa ce za ta raba. Yadda kika rufa mini asiri, Allah ya rufa naki duniya da lahira."

Ruƙayya ta riƙe haɓar zanen da hannu biyu, ta ce amin.