Farar Fijon Baba Gamaliel

Da hantsi ranar Asabar aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Keffi cewa mota ta kaɗe wata mai tallan nono a hanyar Gitata, direban ya gudu. Sufeto Mijinyawa ya ɗauki hularsa ya tafi.

Ya tarar da ita an lulluɓe ta da zanenta, ƙwaryar nonon a fashe, ƙudaje sun rufe abin da ya zube. Sunanta Asta. Mijinta Hammadu na tsugunne a gefe, sandarsa a kan gwiwa.

Mijinyawa ya bi sawun taya. Motar ta fito ne daga wata hanyar gona, ta bugi matar, ta tsaya. Maimakon direban ya ja da baya ya gyara hanya, sai ya kutsa cikin gonar gyaɗa, ya yi babban zagaye yana tattake kunyoyi, sannan ya hau titi. Sufeto ya daɗe yana kallon wannan zagaye.

Wata mai suyar ƙosai can gaba da nisa a bakin titi, Lea, ta ce motar ta wuce ta da gudu, ba ta ga fuskar direba ba, amma motar ko makaho ya san ƙararta. Farar Fijo 504 ce ta Baba Gamaliel na Sabon Gari.

Babu wanda bai san motar nan ba a Keffi. Baba Gamaliel ya saye ta sabuwa, haɗin Kaduna, yana hedimasta, tun Keffi na cikin jihar Filato, tun hanyar Abuja daji ce. Irinta gwamnati ke hawa a lokacin. Daga baya motocin Kwatano suka cika gari, aka daina kallon Fijo, amma duk damina in hanya ta lalace ita ake nema. Ta kai amare coci, ta kai gawa maƙabarta, ta ɗauko masu naƙuda daga rugage ba a biya ko kwabo ba. Ita ta kai mahaifiyar Mijinyawa asibiti shekarar da maciji ya sare ta. Shi ya sa tafiyar ta yi masa nauyi.

A gidan ya tarar da motar ƙarƙashin rumfar kwano, an wanke ta, fitilar dama a fashe. Hancinta na kallon bango. Wannan ya tsaya masa a rai, domin shekara da shekaru in ka wuce ƙofar nan gaban motar kake gani. Tsohon da baya yake shigar da ita, wai ko za a buga masa ƙofa da mara lafiya, ya fita ba ɓata lokaci.

Tsohon na zaune a kan benci, ya riga ya sa takalmi.

"Ni ne, ɗana. Mu tafi."

"Ina ka je da sassafe, Baba?"

"Gona."

"Me ya hana ka tsayawa?"

"Tsoro."

Matarsa, Mama Filomina, na bakin madafa tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Ɗansu Nelson, wanda ke dillancin filaye a Abuja, ya fito yana miƙa. Ya ce jiya ya zo hutun ƙarshen mako, bai tashi barci ba sai ƙarfe tara. Ya nuna tasa motar mai ƙyalli a waje, ya ce shi da ke da otomatik me zai kai shi taɓa wannan gwangwanin. Ya ƙara da cewa ya sha gaya wa Baba idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi.

Mijinyawa ya roƙi tsohon ya fito masa da motar. Baba Gamaliel ya shiga, ya kama sandar giyar da ke jikin sitiyari, ya ɗan jawo ta ya karkata, motar ta sulalo da baya ta ƙofar da ba ta fi faɗinta da taki ɗaya ba. Ko waiwaye bai yi ba.

Sufeto ya buɗe but. Akwai ɓurɓushin siminti da guntun igiyar awo. Ya rufe, ya ce zai dawo. Bai tafi da tsohon ba.

Ya koma hanyar gonar, ya bi ta har ƙarshe. Gonar Baba Gamaliel ce. An kakkafa sabbin duwatsun siminti na shaidar fuloti, ƙasar gindinsu ko bushewa ba ta yi ba. Hanyar kuwa duk kwazazzabo ce, motar da cikinta ke kusa da ƙasa ba za ta shiga ba.

Daga nan ya biya asibiti, inda aka kai gawar. Abin da likita ya gaya masa ya sa ya zauna a mota ya daɗe bai tayar ba.

Da la'asar ya dawo gidan tare da kofur ɗaya da Hammadu. Ya sa aka zauna a tsakar gida.

"Baba, ka sayar da gonarka?"

Tsohon ya ce gonar ubansa ce, ba ta sayarwa ba ce. Da ya ji zancen duwatsun, ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Duk da haka ya sake cewa shi ya yi tuƙin.

"Wanda ya kaɗe ta bai san inda ribas yake a motar nan ba," in ji Mijinyawa. "Ya zagaye gonar mutane don ya juya. Ya dawo gida ya shiga da gaba. Kai kuwa na ga hannunka ɗazu."

"Na ce ni ne."

"To, ji abin da ka ɗauka wa kanka. Likita ya ce ba nan take ta mutu ba. Ƙafa ce ta karye, jini ya yi ta zuba. Ta fi awa ɗaya da rai a bakin hanya. Daga wurin zuwa asibiti minti ashirin ne."

Hammadu ya ɗago kai, ya yi magana a hankali. Ya ce shekara shida da suka wuce, da ruwan sama, wannan motar ce ta shigo rugarsu ta kai Asta haihuwar 'yarsu Rumaisa. Ya ce tun daga ranar, in ta hango farar Fijo takan matso bakin hanya ta ɗaga hannu ta gaishe ta.

Baba Gamaliel ya juya ga ɗansa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka ce mini ta mutu. Ka ce ka sauka ka taɓa ta."

"Baba, masu sayen filin na jirana a..."

"Ka sauka?"

Nelson ya ce bai sauka ba. Ya ce ya ɗauki makulli da asuba ya kai duwatsun, don tasa motar ba za ta iya hanyar ba. Yana fitowa da gudu matar ta matso tana ɗaga hannu, ya taka abin da ya zaci birki ne, ashe kuloci ne. Ya ji tana kira, ya ga ba kowa, ya tafi.

Tsohon ya sunkuya ya cire takalman da ya sa tun safe, ya ajiye su gefe.

"Shekara ashirin da shida motar nan ba ta taɓa barin mai ciwo a hanya ba," ya ce. Ya juya ga Mijinyawa. "Ɗana, ka goge abin da na faɗa maka. Ƙarya na yi."

Kofur ya sa wa Nelson ankwa. Mama Filomina ta biyo su har ƙofa da rigar sanyi a hannu, ta miƙa wa kofur ɗin, ba ta dubi ɗan ba.

Mijinyawa ya ce dole a tafi da motar ofis a matsayin shaida. Baba Gamaliel ya ba shi makulli, ya ce in an gama shari'a kada a dawo masa da ita. Har yau tana bayan ofishin, tayoyinta sun sace, hancinta na kallon bango.